Tikitin yamma a wurin shaƙatawa na Tokyo Disneyland, Japan: akwai riba ga mai iyali?

Maman Ilham: Jama'a, yara uku ne, ƙaramin shekararsa 3. Tikitin yamma zai wadatar?

Baban Sadiq: Hajiya, iri biyu ne. Early Evening Passport daga ƙarfe 3 a ranakun hutu, Weeknight Passport daga ƙarfe 5 a ranakun aiki. Yawanci ana rufewa ƙarfe 9, kin ga na biyun awa 4 kacal ne, layin shiga wasa ɗaya kuma yana iya cinye awa guda. Ɗan shekara 3 kyauta yake shiga.

Anti Rabi: A auna tsayinsu tukuna. Hawa wasan Splash Mountain sai yaro ya kai santimita 90, na Big Thunder Mountain kuma 102. In faretin dare kuke so, ya isa. Matsalar ƙananan barci ne, sai sun yi na rana.

Baban Sadiq: In zuwan farko ne, gara tikitin yini.