Ƙanena na tsare kan kwalin saƙo, har yau ba a fara shari'a ba: ta ina zan ɓullo?

Yayar Direba ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin masu sanin shari'a. Ƙanena direban motar haya ne. A tasha aka ba shi saƙon kwali biyu, an naɗe su da salatif, an rubuta lambar mai karɓa a jiki, aka ce kayan gyaran babur ne. Ɗan kamasho ne ma ya karɓi kuɗin saƙon ya sa a but. A hanya jami'an tsaro suka farke kwalin, sai ga tiramadol kati-kati. Aka sallami fasinja, aka riƙe shi da motar. Lambar da ke jikin kwalin tun ranar a kashe take.

Ana neman wata uku ke nan. Duk sanda na kai masa abinci sai a ce ana bincike. Ya rame, ƙafafunsa sun kumbura, matarsa ga goyo. Wani mutum da ke zama a inuwar bakin ƙofar wurin ya ce in kawo kuɗi ya san hanya, Innarmu har ta sa gonarta a kasuwa. Doka ta yarda a riƙe mutum haka ba iyaka? Kuma gaskiya ne laifin ƙwaya ba shi da beli?

Lauya daga Kaduna ya amsa:

Wa alaikumus salam. Hajiya, ki fara da roƙon Inna ta janye maganar gonar nan. Mutumin bakin ƙofa ba shi da abin da zai sayar muku.

Tambaya ɗaya nake so ki riƙe: da wace takarda ake tsare da shi? Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotun da ta dace a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. In kuma aka yi wata biyu yana tsare ba a yi masa shari'a ba, a sake shi, ko da sharaɗi ko babu. An keɓe laifukan da hukuncinsu kisa ne, nasa ba ya ciki.

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne, Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin shari'ar miyagun ƙwayoyi. Kafin a shigar da tuhuma can, akan je gaban majistare a karɓi umarnin ajiye mutum. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda muke kira ACJA, ta yarda da haka a sashe na 293, amma sashe na 296 ya ɗaure shi da igiya: kwana 14 da farko, ƙarin wasu 14 in an kawo ƙwaƙƙwaran dalili a rubuce, daga nan kotu ta kira masu gabatar da ƙara su faɗi abin da zai hana a sallame shi. In kin haɗa duk wa'adin, bai cika wata biyu ba. Dokokin jihohi sukan ɗan bambanta a lissafin kwanakin, amma kowace tana da ƙarshe.

Hanyar da za ki bi ita ce ƙarar kare haƙƙin ɗan Adam a babbar kotu, a ƙarƙashin ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara na shekarar 2009. Ba sai shi ya sa hannu ba, ke ma kina iya yin takardar rantsuwa a madadinsa tunda yana tsare. Za a roƙi kotu ta sa a kawo shi gabanta, a gurfanar da shi ko a sake shi. Sau da yawa na ga takardar sammaci kaɗai ta sa fayil ɗin da ya yi barci ya farka, cikin mako guda a shigar da tuhuma. Wannan ma ci gaba ne, don daga nan ake neman beli. Maganar babu beli kuwa ba haka take ba. Alƙali ne ke dubawa, sharuɗɗan sukan yi tsauri, amma ana bayarwa. Kuma sashe na 167 na ACJA ya hana a ƙi mai tsayawa don kawai mace ce.

In babu kuɗin lauya, je ki ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa na jiharku, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam.

Uban Marayu ya amsa:

Allah ya fitar da shi in ba shi da hannu. Amma Barista, ku riƙa tuna mu ma. A layinmu na ga yaro mai hankali, ɗan makaranta, ƙwaya ta mayar da shi yana tsintar leda a bola. Tun da aka hana kodin a 2018 muke sa ran sauƙi, ba mu gani ba. Kowane dila aka kama sai ya ce saƙo ne. In aka bi lissafin kwanakin nan naku, ba za a saki masu kashe mana 'ya'ya ba?

Lauya daga Kaduna ya amsa:

Baba, zafin da kake ji gaskiya ne, ni ma ina da ƙanne. Ba cewa na yi kada a hukunta dila ba. Dokar ƙwaya ta tanadi har ɗaurin rai da rai ga mai safara, amma alƙali ne zai yanke bayan an kawo shaida. Mai kaya na can yana cin kasuwarsa, direba na ɗaki a kulle, ba a bi lambar wayar ba, ba a tambayi tasha ba. Wane yaro wannan tsarewa ta ceta? Wa'adin nan shi ke tilasta wa mai bincike ya tashi ya nemo mai kwalin.

Tsohon Direba ya amsa:

'Yata, na daɗe a kan titi, ga abin da zan ƙara. Gobe da sassafe ki je tashar da mijinki ko wani babba, ku ga shugaban reshen ƙungiyar direbobi. Tashar kirki tana da littafin saƙo: sunan mai kawowa, lambarsa, ranar, kuɗin da ya biya. Ki ɗauki hoton shafin da wayarki kafin ya yi ƙafa. Ki nemi ɗan kamashon da yaron motar tun ba su manta kamannin mutumin ba. Lauya zai gaya miki, shari'ar nan a kan sani take tsayawa, ya san abin da ke cikin kwalin ko bai sani ba. Kuma ki ja masa kunne, kada ya dangwala hannu a takardar da ba a karanta masa ba.

Yayar Direba ta dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na je na tambaye shi. Ashe a makon farko an taɓa fita da su zuwa wata kotu, aka yi magana da Turanci, aka dawo da su, bai san me aka ce ba. Tun daga nan shiru. Shafin littafin tasha kuma na samu, da sunan mai kawowa da wata lamba daban. Sai dai ya ce ya riga ya sa hannu a wata takarda daren da aka kama shi. Shi ke nan ya kashe kansa?

Lauya daga Kaduna ya amsa:

A'a Hajiya, bai kashe kansa ba. Sashe na 17 na ACJA ya ba shi damar a ɗauki bayaninsa gaban lauya ko wanda ya zaɓa, da tafinta in ba ya jin Turanci, kuma lauyansa na iya ƙalubalantar takardar a gaban alƙali. Fitar da aka yi da su, da alama umarnin kwana 14 aka karɓo. Ki tambaye shi wace kotu ce, ko ya kwatanta miki unguwar. Lauya ya je wurin rajistara ya nemi kwafin umarnin mai hatimi, a duba ko an taɓa sabunta shi. Ki buga hoton shafin nan kwafi uku, ɗaya ki bar shi a gida, ki tafi da biyu ranar Litinin.