An kama mai shayin ƙofar shagona, ina ake samun lauyan kyauta a Zariya?

Alhaji Mai Taya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Taimako nake nema. Yaron nan mai shayi na ƙofar shagona a Tudun Wada, mutumin Damagaram, yana hannun 'yan sanda tun Litinin da yamma. Waya ya saya a hannun wani, ashe ta sata ce. Da suka zo ba su same shi ba sai suka tafi da ƙanensa, da ya ji ya kai kansa, shi ne aka saki ƙanen. Yau Laraba ko kotu ba a kai shi ba. Wani da na gani yana zirga-zirga a bakin caji ofis ɗin ya ce in kawo dubu 150 a gama magana. Shekara bakwai yaron nan yana ƙofata, ko allura ban taɓa nema na rasa ba. Ba shi da kowa a nan sai Allah sai mu. Wa ya san inda ake samun lauyan da ba ya karɓar kuɗi?

Maman Hanifa: Innalillahi. Mai fara'ar nan da ke ba yara ragowar burodi? Allah ya fitar da shi.

Kawu Na Sabon Gari: Alhaji, ni shawarata a rage kuɗin a biya. Mu haɗa hannu, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. In aka shiga kotu sai dai wani ikon Allah, balle baƙo.

Barista: Wa alaikumus salam. Kawu, ku yi haƙuri, wannan karon ban bi bayanku ba. Alhaji, kada ku ba mutumin nan ko sisi. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne. Masu irin wannan zirga-zirgar dillalai ne, za su karɓa, ba rasit, gobe a ce ba a san da zancen ba.

Ga abin da doka ta ce. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da za ta iya sauraron maganar a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Zariya cike take da kotuna, don haka wa'adinsa ya cika tun jiya. Masu laifin da hukuncinsa kisa ne kaɗai aka ware, waya kuwa ba ta kai nan ba. Sashen ya kuma ce a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji, kuma yana da damar yin shiru har sai ya ga lauya ko wani da ya zaɓa. Ɗaukar ƙane a madadin wa ma haramun ne, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana.

Tambaya ɗaya, Alhaji: ya sa hannu a kan wata takarda?

Alhaji Mai Taya: Ya ce an rubuta wani abu da Turanci an ce ya dangwala. Bai dangwala ba, ya ce sai na zo. Shi ko karatun boko bai yi ba, ɗan Faransancin da yake ji ma na kasuwa ne.

Barista: Madalla da wannan yaro. Kada ya dangwala sai an karanta masa da Hausa a gaban lauya ko a gabanku. Na sha ganin shari'ar da ta lalace tun daga wannan takardar. Mutum ya ce "na sayi waya", a rubuta "na san ta sata ce", shi kenan lauya ya shekara yana fama. Alhali laifin karɓar kayan sata ba ya tabbata sai an nuna mutum ya sani, ko yana da dalilin da zai sa ya yi zargi. Ku nemo wanda aka yi cinikin a gabansa, da nawa ya biya. In farashin ya yi kusa da na kasuwa, wannan babbar hujja ce a gare shi.

Ɗan Kongo: Ranka ya daɗe Alhaji, ni ɗalibin shari'a ne a Jami'ar Ahmadu Bello, aji huɗu. Wuri mafi kusa da ku shi ne cibiyar ba da taimakon shari'a ta tsangayarmu a harabar Kongo. Ku tambayi masu gadi ina Law Clinic, za a nuna muku. Ba a biyan komai. Gaskiyar magana, mu ɗalibai ba mu da izinin tsayawa a gaban alƙali, sai wanda ya gama makarantar lauyoyi aka rantsar da shi. Abin da muke yi shi ne mu saurari matsala, mu rubuta koke a ƙarƙashin kulawar malamanmu waɗanda lauyoyi ne, mu haɗa mutum da lauyan da zai tsaya masa. In kun yarda zan same ku a shago bayan la'asar in rubuta bayanin duka.

Malam Na Samaru: Ku haɗa da hukumar gwamnatin tarayya ta taimakon shari'a, Legal Aid Council. Tun 1976 aka kafa ta, dokar da take aiki da ita yanzu ta 2011 ce, ofishinta na jiha yana cikin garin Kaduna. Ƙa'idarsu mutum ya kasance samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda tun 2024 ya koma naira dubu 70 a wata. Su suka tsaya wa ɗan wata ƙanwata da aka haɗa da rigimar 'yan unguwa aka kai shi jiran shari'a. Wata goma sha ɗaya ya yi a ciki kafin mu san ma akwai su. Lauyar da aka ba mu ta bi fayil ɗin har ma'aikatar shari'a, aka duba aka ga babu hujja a kansa, aka sallame shi. Har yau in na tuna watannin nan sai in ji zuciyata ta yi nauyi, don uwarsa sai da ta sayar da keken ɗinkinta tana kai masa abinci.

Amma in gaya muku, lauyoyinsu kaɗan ne, aiki ya yi musu yawa. Kada ku kai takarda ku koma gida ku kwanta. Ku karɓi lambar wanda aka ba aikin, ku riƙa tuntuɓa cikin ladabi.

Kawu Na Sabon Gari: To ai ka ji, Malam. Wata goma sha ɗaya! Abin da nake gudar wa yaron ke nan.

Barista: Tsoronku yana kan hanya, Kawu. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a ƙasar nan jiran shari'a suke, ba a yanke musu hukunci ba. Amma ku dubi yadda abin yake faruwa. A gurfanar da mutum gaban majistare da tuhumar da ta fi ƙarfin kotun, kamar fashi da makami ko kisa. Majistare ba shi da hurumi, sai ya tura shi a ajiye har ma'aikatar shari'a ta ba da shawara. In babu mai bin fayil, sai a manta da mutum. Wanda ke da lauya tun ranar farko ba a cika mantawa da shi ba, kuma a gaban lauya ba a cika kumbura tuhuma ba. Shi ya sa nake cewa yau, ba gobe ba.

Ni ina Kaduna har Juma'a, ina da zama a babbar kotu. Na yi wa wani abokin aikina a reshen Zariya na ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa magana, yana cikin masu zagaya ofisoshin 'yan sanda suna duba waɗanda aka tsare ba tare da karɓar kuɗi ba. Zan turo muku lambarsa ta gefe, Alhaji. Akwai kuma tanadin da ya ce majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda duk wata yana duba ɗakunan tsarewa, yana iya ba da beli nan take. Mutane da yawa ba su san wannan ba.

Baban Yasmin: Amma Barista, duk waɗannan sassan ba na 'yan ƙasa ba ne? Shi fa ɗan Nijar ne, ga shi sun fita daga ECOWAS.

Barista: Ka taɓo inda ake yawan tsorata baƙi. Sashe na 35 da na 36 "kowane mutum" suka ce, ba su ce "ɗan Najeriya" ba. Haƙƙin a ɗauke ka marar laifi har sai an tabbatar, haƙƙin samun lauya, haƙƙin tafinta kyauta in ba ka jin harshen kotu, duk baƙo yana da su daidai da ɗan unguwar Kwarbai ta cikin birnin Zariya. Yana kuma da damar a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa, bisa yarjejeniyar Biyana ta 1963, kuma Nijar tana da ƙaramin ofishin jakadanci a Kano.

Batun ficewa kuwa, Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita ne ranar 29 ga Janairu 2025, amma a ranar ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidarsu, a bar su su shiga su fita kamar da, har sai an sake sanarwa. Abin da ya kamata baƙi su kiyaye shi ne yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kwana 90 ta ba mutum ba tare da biza ba. Wanda zai zauna ya yi sana'a sai ya nemi katin zama a hukumar shige da fice. Rashin katin matsala ce daban, bai mayar da mutum ɓarawo ba, bai kuma ba kowa damar tatsarsa ba.

Hajiya Ta Tudun Jukun: Allah ya yi maka albarka, Barista. Masu ga-ruwa da masu gadi da masu wankin takalma nawa ne a garin nan daga Maraɗi da Tawa da Damagaram? Harshenmu ɗaya, alƙiblarmu ɗaya, amma da an ce "ɗan Nijar ne" sai kowa ya ja baya, su ma su tsorata su miƙa duk abin da suka tara. A garin Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta sha ɗauri saboda talaka, wannan abin kunya ne a gare mu. Alhaji, in ana neman mai tsaya masa, ni zan tsaya, ina da takardun gidana. Ko mace ba ta tsayawa?

Barista: Tana tsayawa, Hajiya. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta faɗa ƙarara cewa ba a hana mutum tsayawa beli don yana mace. Ku dai sani, mai tsayawa ya ɗauki alkawarin kawo shi duk ranar da aka neme shi, in ya gudu ku za a tambaya.

Hajiya Ta Tudun Jukun: Na sani. Na yarda da shi.

Maman Hanifa: Tunda an buɗe maganar, ku taimaka mini da wata. Maƙwabciyata mijinta ya sake ta da yara huɗu, ba ci ba sha, kuma yana barazanar ƙwace su. Ita ina za ta?

Ɗan Kongo: Mama, ƙungiyar mata lauyoyi, FIDA, tana da reshe a Kaduna, irin aikinsu ke nan kuma kyauta suke yi wa marasa hali. Ita ma tana iya zuwa wajenmu a Kongo. Maganar ciyarwa da riƙon yara kotun shari'ar Musulunci ce ke ji, da Hausa ake yi, tana iya shigar da ƙara da bakinta ko ba lauya. Ta riƙe takardar sakin in akwai, da shaidun da suka san ba ya kawo komai.

Injiniya Daga Amurka: Salam daga nesa, yanzu na tashi na ga saƙonni. A nan tun hukuncin kotun ƙoli na 1963 dole gwamnati ta ba talakan da ake tuhuma da babban laifi lauya, har ofisoshi gare su na musamman. Amma a kotun shige da fice ba a ba baƙo lauyan gwamnati, sai ya nemo da kansa ko ƙungiyoyin sa-kai su taimaka. Na raka wani ɗan uwanmu irin wannan zaman, na ga yadda mutum yake zama shi kaɗai. Legas ta buɗe ofishin lauyan talakawa tun shekarar 2000, ina fatan mu ga ƙofa irin wannan a cikin Zariya. Alhaji, ku turo mini asusu, kuɗin motar lauyan da abincin yaron a kaina.

Malam Na Samaru: Abu ɗaya da aka manta. In an taɓa lafiyarsa a ciki, a gaya wa lauyan nan take a ɗauki hoto. Akwai dokar hana azabtarwa ta 2017, kuma hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa tana da ofishi a Kaduna, ana kai koke ba kuɗi.

Alhaji Mai Taya: Jama'a, yanzu muka fito. Lauyan ya zo ƙarfe biyar, ya yi magana da babban jami'in cikin mutunci, aka sake rubuta bayanin a gabansa, aka karanta wa yaron da Hausa kafin ya dangwala. Hajiya ta sa hannu, an ba da shi ba ko kwabo. Dillalin nan da ya hango mu da lauya ban sake ganinsa ba. An ce mu dawo Litinin ƙarfe goma tare da mai gyaran wayar da aka yi cinikin a gabansa. Yaron yana gidana yanzu, ya kasa cin abinci, kuka kawai yake yana sa wa kowa albarka.

Kawu Na Sabon Gari: Alhamdulillahi. Na janye maganata, Barista. Dubu biyar ɗin da na ware a ƙara masa a jari, kwana uku tukunyarsa a kife.

Barista: Kada a makara ranar Litinin, Alhaji, maganar ba ta ƙare ba tukuna. In an wuce da ita kotu, ku rubuta sunan kotun da lambar ƙarar da ranar da aka ɗage, ku turo mini.

Ɗan Kongo: Mama, ki ce wa maƙwabciyar taki ta same ni a ƙofar Kongo gobe ƙarfe goma sha ɗaya. Alhaji, in ya huta ku tambaye shi ko katin shaidarsa na Nijar yana hannunsa, sai mu fara maganar katin zaman shi da ƙanen nasa.