Wane wasan waya ne zai taimaka wa yarona ya riƙa tuna abin da ya gani?

Maman Abba, Unguwar Rogo:
Salam 'yan uwa, don Allah shawara nake nema, yarona shekararsa 8, in malami ya rubuta abu a allo ya goge to shikenan ya tafi, kuma ba ya iya zama minti 5 kan aikin gida, abin na damuna wallahi. Akwai gem mai sauƙi wanda ba na harbe-harbe ba?

Baban Ummi:
Wa'alaikumussalam Hajiya. Ki sauke masa na haɗa kati, katunan duk a kife suke sai ya buɗe biyu, in hoton iri ɗaya ne su tafi in ba haka ba su sake kifewa, dole ya riƙe inda kowanne yake. Ki fara da kati 12 kafin ki ƙara, kuma ki kashe data saboda talla.

Ɗan Dilimi:
Ni Tetris nake so, wasan jera tubalan da ke saukowa daga sama, Alexey Pajitnov ya ƙirƙiro shi a Mosko tun 1984, sai ka juya tubalin a kanka kafin ya sauko. Amma gaskiya Hajiya, yawanci a wasan ne yaro ke gwanancewa, ba lallai ya bi shi har aji ba. Ki duba barcinsa, a kuma gwada idonsa.

Anti Rikkos:
Ƙanwata ba sai da waya ba ma. Ni a faranti nake jera cokali, makulli, ashana, kwalbar turare, yara su kalla na daƙiƙa 30, in rufe da ɗankwali in zare ɗaya su faɗi wanne ya ɓata. Da daddare in sanyi ya hana su fita har rigima suke a kai.

Maman Abba:
Allah ya saka da alheri, yau bayan isha'i zan gwada na farantin, idon kuma sai Asabar in sha Allah.