Ƙaramin akwatin da ake sakawa tsakanin sabon inji da tsohuwar kwamfuta: goyo ne ko tafinta?

1/ Iyayenmu kanikawa da 'yan'uwa masu wayarin, ina neman shawararku kan suna. Biren bos, wato kwamfutar mota, dai ya zauna a bakin kowa, wasu kuma na cewa ƙwaƙwalwar mota, duka biyun sun wadatar. Abin da ba mu da sunansa shi ne ƙaramin akwatin nan da ake jonawa tsakanin inji da kwamfuta idan an sa wa tsohuwar mota injin da ya fi ta sabunta. Turawa na kiransa piggyback.

2/ Ga inda buƙatarsa ke tasowa. Ɗauki Camry ta 1997 zuwa 2001, mai injin 5S-FE, lita 2.2. Injin ya gaji, mai mota ya shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ya ga 2AZ-FE ɗan Beljiyom, lita 2.4, irin na Camry ta 2002, ya ce shi yake so. Ɗaura inji da noti shi ne mai sauƙin. Sabon yana da VVT-i, wato tsari mai bawul ɗin da kwamfuta ke sarrafawa domin matsin baƙin mai ya sauya lokacin buɗewar bawulolin iska, kuma kowane fulogi da nasa kwayil. Tsohuwar kwamfuta ba ta san da VVT-i ba, babu ma wayarsa a soket ɗinta. Lissafin fetur ɗin da ke cikinta kuwa na injin lita 2.2 ne.

3/ Fassarar piggyback kai tsaye ita ce goyo, kuma wasu sun riga sun kawo ta. Tana da daɗin faɗi. Matsalarta ita ce wurin zama kawai ta nuna. Ka ce wa Alhaji za a sa wa motarsa goyo, me ya fahimta? Bai san abin da zai biya wa kuɗi ba.

4/ Ni tafinta na zaɓa. Aikin akwatin ke nan: ya tari saƙon da sensa, wato na'urar da ke auna yanayin inji, ta aiko, ya juya shi zuwa abin da kwamfuta ke ganewa, sannan ya miƙa mata. Abin ya fi fitowa fili a injinan baya-bayan nan. Tun 2008 Amurka ta wajabta tsarin CAN a sababbin motoci, inda bayanai da yawa ke bi ta wayoyi biyu da aka murɗe tare. Mitar tsohuwar mota kuwa bugun lantarki take jira ta wayarta guda. Idan babu mai juya maganar, inji na ruri, allurar gudun inji tana kwance a sifili.

5/ An kawo suka mai nauyi: tafinta na gari ba ya ƙari, wannan akwatin kuwa wani lokacin da gangan yake ce wa kwamfuta iska ta fi yadda take, don ta ƙara fetur. Saboda haka aka ce a kira shi dillali. Sukar gaskiya ce, amma ban yarda da sunan ba. A gareji dillali mutum ne, kana cewa "dillali ya lalace" an shiga ruɗani.

6/ Akwai kuma amfanin da nake gani ga mai mota. Wanda ya ji tafinta zai gane cewa kwamfutar da ke yanke hukunci har yanzu tsohuwar ce. Shi ya sa a irin aikin Camry ɗin can na fi son a sayo inji da kwamfutarsa da cikakken wayarinsa, har da makulli in yana da imobilaiza, wato na'urar da ke hana inji tashi sai da makullinsa, a bar wa tafinta mita da AC.

7/ Masu aikin a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa, in akwai sunan da yaranku suka riga suka raɗa masa, ku kawo shi, zan janye nawa.