Takalmin Birkenstock mai ƙasan ɓawon itace, zai jure alwala da zafin garinmu kuwa?

Malamar_Aji_Uku:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa saka takalmin nan Birkenstock ko makamancinsa, wannan mai ƙasan ɓawon itace da ake ce ma kok. Ni malamar firamare ce a Kano, tun daga asambili har a tashi a tsaye nake a kan siminti ga kuma tafiya daga bakin titi zuwa makaranta, to yanzu dunduniyata ta hagu ta matsa min sosai, musamman da asuba in na sauko daga gado takun farko ji nake kamar na taka ƙusa, sai na ɗan zazzaga tukuna ta saki. Silifas ɗin da nake sakawa shimfiɗaɗɗu ne falan ɗaya. Ƙanena yana karatu a Jamus zai zo hutu, ya ce in turo masa lambar ƙafata ya taho min da shi daga can tunda a ƙasar ake yinsa, amma da ya faɗa min kuɗin sai jikina ya yi sanyi wlh, bana so yaron nan ya matse cikinsa ya sayi abin da zai lalace a damina ɗaya. Babbar damuwata ita ce alwala, don a makaranta nake azahar kuma naji ance baya son ruwa, to ya ake yi kenan? Sannan lambar tasu ɗaya ce da ta takalman kasuwa? Ni dai 39 nake sakawa wani lokacin 40. Nagode, Allah ya bar zumunci.

Maman_Biyu_Zariya:

Wa alaikumus salam Anti, sannu Allah ya ƙara sauƙi. Ni na daɗe ina saka shi kuma tsayuwa ce sana'ata nima don shagon ɗinki gare ni, yankan atamfa a tsaye ake yi. Abu na farko da zan gaya miki don kar ki ce an cuce ki, ranar da kika fara saka shi ba daɗi za ki ji ba. Tauri gare shi, ga wani tudu a tsakiyar tafin ƙafa da wani ɗan tudun a ƙarƙashin yatsu, dunduniya kuma ta faɗa cikin rami, to ƙafar da ta saba da shimfiɗaɗɗen silifas sai ta ji kamar ana tokare ta. Kar ki fita da shi makaranta wuni guda a farko. Ki riƙa sa shi a gida awa ɗaya awa biyu, ki cire, gobe ki ƙara, a hankali ɗumin ƙafarki da nauyinki su ne za su lanƙwasa ɓawon ya ɗauki siffar tafin ƙafarki, bayan wasu 'yan makonni za ki ga har shatin yatsunki ya fito a ciki, daga nan ne daɗin yake farawa. Idan kinsan ƙafarki bata son tauri ki ce ya ɗauko miki mai ƙarin soso a ciki, ana gane shi da rubutun cikinsa shuɗi ne.

Maganar lamba kuma kar ki dogara da 39 ko 40 ɗin kasuwa. Ki taka farar takarda da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a zana miki, ki auna daga dunduniya zuwa yatsan da ya fi tsawo ki tura masa. Su a cikin takalmin suna buga lamba tare da tsawo da milimita, 39 shi ne 250, 40 kuma 260, kuma ana so a samu 'yar rata a gaban yatsu kusan santimita ɗaya, a bayan dunduniya rabin haka, kada yatsa ya hau kan gefen. Sannan faɗi biyu suke yi, akwai ɗan zanen tafin ƙafa a ciki, idan zanen layi ne kawai cikinsa fayau to mai faɗi ne, idan an cike shi da fenti to siriri ne. Wannan mutane da yawa basu lura dashi ba sai kiga ƙafa tana zubowa ta gefe.

Alwala kuwa gaskiya ce aka gaya miki, saman da ƙafa ke takawa fata ce mai gashi-gashi, tana shan ruwa, in kina zura jiƙaƙƙiyar ƙafa kullum zai yi baƙi ya yi wari ɓawon ma ya fara saki. Ni abin da nake yi silifas ɗin roba na nan ajiye a shago, da shi nake alwala, in na idar da sallah ƙafa ta bushe sai in mayar da wancan. Ki ajiye naki a durowar ofishin malamai shikenan. Kuma suna da wani na roba zalla da suke kira EVA, siffar ɗaya amma babu ɓawo, shi ruwa baya masa komai kuma kuɗinsa kusan rabin na fatar ne, sai dai baya ɗaukar siffar ƙafa irin wancan, gaskiya ba ɗaya suke ba a wajen dogon tsayuwa.

Baduku_Jikan_Baduku:

Malama ranki ya daɗe, gyaran takalmi da ɗinkinsa shi na gada, kuma irin wannan takalmin yana zuwa hannuna na gaske da na bogi, to bari in faɗi abin da idona ya gani in na ɓare shi. Hawa-hawa ne. Can ƙasa roba ce mara nauyi wadda ke taka ƙasa, a kanta algarara, sai ɓawon da aka niƙa aka kwaɓa da ƙaron roba aka gasa a cikin siffar ƙafa, sai wata algararar, sai fatar da kike takawa. Algararar nan ita ke riƙe ɓawon kar ya tsage in ya lanƙwashe, na bogi yawanci babu ita, wani ma roba ce ko soso aka liƙa masa siririn ɓawo a gefe don ido ya gani, shi yasa kina matsa shi da babban yatsa zai lotse gaba ɗaya kuma ki naɗe shi gida biyu ba wahala. Na gaske baya naɗuwa haka, ƙarfen ɗamararsa akwai suna a zane a jiki, ba kuma warin gam mai hawa kai.

Shi ɓawon daga wata bishiya ake ɓaro shi a ƙasashen yankin Bahar Rum, Fotugal ce kan gaba don kusan rabin na duniya daga can yake fitowa, akwai a Sifaniya da Maroko da Aljeriya. Ba a sare bishiyar, sai ta kai wajen shekara 25 ake fara ɓare ta, daga nan duk bayan shekara 9 a sake, ta mayar da wani ɓawon. Irinsa ne ake toshe bakin kwalba da shi. Masu kamfanin ma asalinsu dukawa ne irinmu, kakansu Johann Adam Birkenstock an rubuta shi a matsayin mai ɗinkin takalmi tun 1774, sandal ɗinsu na farko mai ɗamara ɗaya da suke kira Madrid a 1963 ya fito, mai ɗamara biyun da kowa ya sani wato Arizona 1973, mai tsinke a tsakanin yatsu Gizeh 1983. Ina faɗin wannan ne don ina jin daɗin in ga sana'ar hannu ta kai haka.

To abin da nafi jiye miki tsoro ba ruwa bane, rana ce. Robar ƙasan nan zafi yana sa ta ƙanƙance ta ja baya ta bar ɓawo a waje, kar ki bar shi a tsakar gida da rana tsaka a watan Afrilu, kar a bar shi cikin mota a rufe, in kuma ruwan sama ya dake ki da shi kar ki kai shi kusa da murhu ko ki shanya a kan kwano, ki ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa ko kwana biyu zai yi. Hunturu ma yana da nasa, gefen ɓawon akwai wani ɗan sheƙi da aka shafe shi da shi, in ya goge kika ga wajen ya yi fari ya bushe to zai fara marmashewa, ki ce ƙaninki ya haɗo miki da ɗan kwalbar maganin shafe ɓawon da suke sayarwa, ba shi da tsada, da ɗan burushi ake shafawa siriri. Sannan ki riƙa duba dunduniyar ƙasan, da zarar robar ta cinye ta kusa kai ɓawo ki kawo wa mai gyara ya liƙa wata, in aka bari ɓawon ya fara cin ƙasa aikin ya zama babba. Wanda ya kiyaye wannan zai yi shekaru yana sawa.

Na gwanjo kuwa ban ba ki shawara ba ko da na gaske ne, don ya riga ya ɗauki siffar ƙafar wani, in mai shi yana taka gefe ne to kema gefe zai riƙa tura ki, ga ki da ciwon dunduniya.

Dan_Sakkwato:

Ni kam Malama ku gafarce ni ra'ayina daban. Takalmin da na fatarsa yake haura yuro 100 ku lissafa da canjin yau ku gani albashin wata nawa ne na malamin firamare, kuma abin da za ki riƙa lallaɓawa kar ruwa kar rana, a garin da zafi ke wuce digiri 40 duk bazara. Mu maza ma ga matsalar ƙofar masallaci ranar Juma'a, rana na dukansa kuma hankalinka na kansa kar a ɗauke. Akwai wasu kamfanonin da ke yin mai ƙasan ɓawo a rabin kuɗin nan, akwai kuma takalmin ƙafa ciki mai kyau da za a sa masa shimfiɗa mai tudu a ciki. Baba baduku ku me zai hana ku riƙa yi mana irinsa a nan, tunda fata dai muna da ita har waje ake fita da ita?

Baduku_Jikan_Baduku:

Ɗana saman ba wuya, ɗamara biyu da ƙarfe ko yaron shagona zai yanka kuma fatarmu bata da abin kunya. Shimfiɗar ce matsalar, ɓawon baya fitowa a ƙasar nan kuma sai da injin gasawa da ma'aunin kowace lamba dama da hagu. Wasu suna sayo shimfiɗar da aka riga aka yi daga waje su ɗora mata fata a nan, in aka dace da mai kyau ba laifi, amma sai ka san hannun wanda ka ba.

Nas_Mai_Dutin_Dare:

Yaya Malama sannu da jiki. Yadda kika kwatanta ciwon nan, takun farko da safe sannan ya lafa in an yi 'yar tafiya, ya yi kama da ciwon jijiyar nan mai faɗi da ta taso daga dunduniya zuwa yatsu, yana yawan kama masu dogon tsayuwa a kan siminti. Amma dan Allah ki je a duba ki a tabbatar kafin ki ɗora duk fatanki a kan takalmi. Takalmi mai tallafe tsakiyar ƙafa yana rage wa mutane da yawa raɗaɗi, mu ma a wajen aiki akwai masu sa irinsa rufaffen gaba, sai dai shi kaɗai baya warkarwa. Kafin ki sauko daga gado ki kama yatsun ki ja su sama wajen ƙwauri ki riƙe kaɗan, ki dafa bango ki miƙe sha-raɓa, da yamma ki murza tafin ƙafar a kan gorar ruwa mai ƙanƙara, ki kuma daina yawo ba takalmi a kan tayil ko a cikin ɗaki ne. Yana ɗaukar watanni kafin ya tafi, sai da haƙuri.

Abu ɗaya da nake so duk mai karantawa ya riƙe, in mutum yana da ciwon suga musamman wanda ƙafarsa ta fara dindiris baya jin taɓi sosai, to kar a saya masa buɗaɗɗen sandal mai tauri a ce ya daure har ya saba, ɗamara zata iya goge shi ta yi ƙuje bai sani ba, kuma mun san inda ƙaramin ciwo ke kai mai suga. Ina faɗa ne don naga ana saya wa iyaye in za su tafi Umra, a kai su ga likita tukuna.

Malamar_Aji_Uku:

Kai amma nagode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya biya ku. Alhamdulillah bani da suga an gwada ni kwanan baya, kuma zan je asibiti ranar da babu makaranta insha Allahu. Malam na Sakkwato maganarka na kan hanya nima abin da ya tsaya min kenan, na tura wa yaron duk abin da kuka rubuta ya ce shi dai ya riga ya yi niyya kuma lokacin rangwame zai saya a shagonsu. Na auna kamar yadda Maman Biyu ta ce, ta dama 246 ta hagu 248, to wanne zan ce masa? Kuma mai ɗamara biyu ko mai tsinke?

Maman_Biyu_Zariya:

Da babbar ƙafar ake aiki Anti, ki tura masa 248 ɗin su duba masa lambar da ta dace da shi. Ki haɗa masa da awon faɗin ƙafar a wajen gindin yatsu ya nuna musu a shagon, amma in dai kin saba da silifas tun yarinta irina to mai faɗin nake kyautata zaton zai miki. Ki ɗauki mai ɗamara biyu don kina iya sassauta shi in ƙafa ta kumbura da yamma, kuma da hunturu ki zura safa saboda kaushi da faso, mai tsinke baya karɓar safa. Wajen ɗaurewa kar ki tamke, ta gaban ki bar 'yar rata, ta saman kuma yatsanki ɗaya ya iya shiga. Kala ki ce ruwan ƙasa mai duhu ko baƙi, ƙurar Kano ba zata bar mai haske ba.