Fitsarin maigidana na kumfa bayan dashen ƙoda, dan Allah shawara

Salam 'yan uwa. Maigidana aka yi wa dashen ƙoda bara a Indiya, ƙaninsa ne ya ba shi, lafiya lau muke sai kwanan nan fitsarinsa ya fara kumfa kamar an kaɗa omo, da safe idanu a kumbure da yamma kuma ƙafa ta ƙi shiga takalmi. Gwaji ya nuna furotin na zuba, gram 5 a rana, amma creatinine, sinadarin da ake aunawa a jini don ganin aikin ƙoda, bai hau ba. Wlh duk ya karaya wai shikenan zai koma wankin ƙoda, maganin ma sai na yi da gaske yake sha. Yayarsa ta kawo jiƙo wai yana sauke kumburi, in ba shi?

Wata nas: Hajiya ajiye jiƙon nan dan girman Allah, ƙoda ɗaya gare shi kuma wasu tsirran na dagula tacrolimus, maganin hana jiki yaƙar sabuwar ƙoda, a jini. Haka diclofenac da ibuprofen, ko kusa. Duk furotin da ya wuce gram 3.5 a rana babba ne, ba na jira sai ranar kilinik ba. Ko dai ciwon da ya kashe ƙodarsa ta farko ne ya dawo, wani ciwon matatan ƙoda da ake kira FSGS ya fi yin haka, kusan mutum 1 cikin 3 yana dawo musu, ko jiki ne ke yaƙar sabuwar a hankali, ko magani ne, sirolimus, shi ma maganin hana jiki yaƙar ƙodar ne, na jawo hakan. Sai an ɗebi ɗan tsoka daga ƙodar an duba za a bambance, creatinine mai kyau ba ya nufin babu komai.

Wani da aka yi wa dashe: Yaya ki gaya masa kar ya kuskura ya tsallake magani ko na rana ɗaya. Ni ciwon nawa ya dawo, aka yi min wankin jini na plasma aka sa min magungunan rituximab da losartan, ga ni da ƙodar har yau alhamdulillah. Ki janye masa gishiri da maggi, yaji ma akwai gishiri a ciki.

Wata 'yar uwa: Allah ya ba shi lafiya, ya saka wa ƙanin nan da alheri. In Kano kuke akwai likitocin ƙoda a asibitin Malam Aminu, tun 2002 suke dashe.

Nas ɗin ta ƙara: Na manta, in ƙafa ɗaya ta fi kumburi tana ciwo ko numfashi ya sarƙe ku tafi asibiti take, jini kan daskare a irin wannan yanayin.

Mai tambaya: Amin na gode. Gobe da asuba za mu je da takardun Indiya duka, jiƙon na zubar.