Staf ɗina yana fitowa ja, in sayi sabon kit ko in haɗa ayodin da kaina?

Ummu_Lab: Salam ƴan'uwa, shawara nake nema. Staf ɗin (ƙwayar bakteriya Staphylococcus) da nake kwantirol da shi, wato tabbatar da aikin na tafiya daidai, a Gram (rinin da ake wa bakteriya don a bambance su a maikiroskof) ya koma fitowa ruwan hoda maimakon shunayya, E. coli kam, ƙwayar da dama ruwan hoda take fitowa, lafiya lau. Kalcan, wato ƙwayar da na shuka a faranti, sabo ne bai wuce awa 24 ba, simiya (abin da na shafa a silaid, gilashin dubawa) ba kauri, sakan 3 na wanke da asiton, ruwan cire launi. Abin da na lura kawai ayodin ɗin, mai kama launin shunayya a jikin ƙwayar, ya koɗe ya zama rawaya. In sayi kit na kayan rinin gaba ɗaya ne ko in haɗa ayodin kaɗai? Gobe zan kai wa oga lissafi.

Abu_Sadik: Kalcanki ne ya tsufa Hajiya. In ƙwayar ta kwana biyu bangonta rubewa yake, ba ya riƙe kiristal bayolet, rinin shunayyar.

Ummu_Lab: Malam na fa rubuta bai wuce awa 24 ba.

Ɗan_Aji4: Asiton ne ranki ya daɗe. Fozitif, irin staf, bangonsa na feftidogilaikan (sinadarin da ya gina bangon ƙwayar) mai kauri ne, asiton na busar da shi ya kulle launin a ciki, negetif kuma, irin E. coli, nasa siriri ne launin ya fice sai safranin, jan rinin, ya kama shi, amma in an daɗe kowa sai ya wanke. Tun 1884 da Hans Christian Gram ya fito da abin nan a nan ake samun matsala.

Mai_Dariya: Staf ɗin ne ya sauya sheƙa kawai, a yi masa fatan alheri a sabuwar jam'iyya 😂

Tsohon_Benci: Ni wannan zancen ma tuna min yake da baƙin ciki wallahi. Inda na yi aiki a da, ayodin a farar kwalba aka ajiye mana shi a bakin taga, rana na dukansa kullum, murfin ma ya tsage. Na rubuta a canza aka ce ba kuɗi. Sai ga kalcan jinin wani yaro, silaid ya fito ja, na ce a jira a sake aka ce likita na waya a fitar haka, washegari faranti ya nuna staf ƙiri-ƙiri. Wa aka ba kwari, takardar tuhuma? Ni. Takardar da na rubuta aka ce ba a taɓa gani ba.

Maman_Iman: Subhanallahi, Baba yaron fa?

Tsohon_Benci: Ya tashi alhamdulillah, an canza maganin da wuri. Ni ne dai aka mayar da ni ɗakin karɓar samfur, wanda ya ce ba kuɗi kuma har yau yana kan kujerarsa. Kuma sai da suka ci gaba da kwalbar nan har ta ƙare.

Injiniya_B: Haɗawa ta fi arha nesa ba kusa ba. Giram 1 na ayodin, giram 2 na fotasiyam ayodayid, ruwa distil mil 300, a zuba a kwalba mai duhu.

Maman_Iman: Arha ina? Ƙaramar robar fotasiyam ayodayid da aka gaya min kuɗinta ta fi kit ɗin tsada, ga sikeli mai kyau da sai an nema.

Injiniya_B: To an cuce ki ne Yaya.

Abu_Sadik: Kai gyaran inji kake yi, yaushe rabonka da silaid? Ku bar masu lasisi su yi magana, har da kai ɗalibi mai karanto mana tarihi.

Ɗan_Aji4: Tuba nake oga, amma ni dai na karanta tambayar kafin na amsa.

Ummu_Lab: Kai ma ai sakan 3 na rubuta. Don Allah kit ko haɗawa?

Maman_Iman: Ki ari ayodin mai kyau ki yi silaid biyu gefe da gefe tukun. Ko ki ɗiga KOH (sinadarin fotasiyam haidroksayid) kashi 3 cikin ɗari ki dama kwalonin, wato ɗigon ƙwayar da ta tsiro a faranti, in bai yi yauƙi ba fozitif ne.

Tsohon_Benci: Ko me za ki yi ki riƙe kwafin takardar da kika kai wa ogan. Kuma tunda ɗalibai na nan bari in tambaya, waye ke koya muku tsoma lensin maikiroskof na 40 cikin mai? Na 100 kaɗai ake sa wa mai. Da safe ka zo ka tarar ya bushe a kai, komai dishi-dishi.

Injiniya_B: Wannan kam! Wasu ma da auduga ko gefen lab kot suke gogewa, su kawo min su ce maikiroskof ya lalace da kansa.

Ɗan_Aji4: Takardar goge lensin fa a kulle take a durowar oga, da me za mu goge?